IYAKOKIN DANDALIN SADA ZUMUNTA DA AMFANIN MALLAKAR SHAFI

Bayani domin Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malaman da ke riƙe da rubuce-rubucen ofisoshinsu. Dalili kuwa shi ne, yawancin sanarwar da a dā mai shela ke yi a bakin kasuwa, ko wadda a kan manna a ƙofar ofis, yanzu ta wayar hannu ta ke bi. Ranar rigakafin yara, da kiran dagatai taro, da cigiyar dabbar da ta ɓace, duk a kan aika da su ta WhatsApp ko Facebook, kafin la'asar sun game gari. Wannan ya kawo sauƙi ƙwarai. Amma kowane dandali yana da iyakarsa. Wanda bai san iyakar nan ba, wata rana zai nemi takardar da ya ajiye can ya rasa, ko kuwa ya aika da sanarwar gaggawa ya zauna yana zaton kowa ya ji, alhali kaɗan ne suka gani.

INTANET DA YANAR GIZO

Da fari ya kamata a rarrabe abu biyu da mutane kan haɗa. Intanet ita ce hanyar da ta sada kwamfutocin duniya da juna, ta wayoyin da aka binne a ƙasa, da waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, da dogayen ƙarafan kamfanonin waya da a ke gani a garuruwa. Yanar gizo kuwa ita ce tarin shafuffukan da a ke karantawa ta wannan hanya. Watau intanet kamar titin mota ce, shafuffuka su ne gidajen da ke bakin titin.

Wani Bature mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya tsara yanar gizo a 1989, sa'ad da ya ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Abu uku ya haɗa. Na farko adireshi, domin kowane shafi ya sami sunan da za a neme shi da shi. Na biyu ƙa'idar rubuta shafi, wadda a ke kira HTML, ita ke nuna wa kwamfuta ga kan magana, ga hoto, ga kalmar da in an taɓa ta za ta kai mutum wani shafi. Na uku ƙa'idar roƙo da amsa, wadda a ke kira HTTP, da ita wayar mai karatu ke roƙon shafi, kwamfutar da ke ajiye da shi ta aiko masa. Ran 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta saki wannan fasaha kyauta ga duniya. Saboda haka babu kamfanin da ya mallaki yanar gizo, kowa na iya gina shafinsa ba da neman izini ba.

Hanyar kuwa ta kan yanke kamar yadda ruwa kan cinye gada. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar ƙasar Kodebuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, har aikin bankuna ya tabu kwana da kwanaki.

DANDALI NA MAI SHI NE

Dandalin sada zumunta shafi ne babba na wani kamfani, wanda ya ba jama'a wuri su rubuta su karanta maganar juna. Facebook ya fara a 2004, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009, dukansu a Amurka. A 2014 kamfanin Facebook ya sayi WhatsApp, a 2021 kuma ya sake wa kansa suna Meta. Shi kuwa Twitter, attajirin nan Elon Musk ya saye shi a Oktoba 2022 a kan dala biliyan 44, a Yuli 2023 ya mai da sunansa X.

Mutum ya kan buɗe shafi a Facebook ba ya biyan ko kwabo, sai kuɗin data da ya ke ba kamfanin waya. To, ina ribar mai dandali? Daga talla ta ke fitowa. Gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon tallan da za a nuna masa, 'yan kasuwa kuma su biya. Don haka mai shafi a dandali kamar wanda aka ba aron rumfa ne a kasuwar wani. Mai kasuwa shi ke sa doka, yana iya sāke ta ran da ya ga dama, yana kuma iya tashin mai rumfa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

IYAKAR TSAWON MAGANA

Tsofaffin malamai za su tuna zamanin da a ke buga waya a gidan waya, a biya kuɗi bisa yawan kalmomi, har mutum ya koyi faɗin buƙatarsa a layi guda. Irin wannan ƙunci ne ya haifi Twitter. Saƙon tes na wayar hannu haruffa 160 ya ke ɗauka. Da ya ke an so a riƙa aika maganar Twitter ta tes, sai aka ware 20 domin sunan mai magana, aka bar 140. A haka aka zauna shekara goma sha ɗaya, har Nuwamba 2017 aka ninka ya zama 280. Daga 2023 masu biyan kuɗin wata suka sami damar yin dogon rubutu.

Abin lura ga malamin ofis shi ne, haruffa 280 ba su wuce layi huɗu ko biyar na takarda ba. Sun isa a ce za a yi taro ran kaza a wuri kaza. Ba su isa a bayyana yadda aka raba iyakar gona, ko sharuɗɗan sulhu tsakanin manoma da makiyaya ba. In aka matsa irin wannan magana cikin layi huɗu, sharaɗi ne zai zube, sharaɗin da ya zube kuwa shi ne kan tā da rikici daga baya.

IYAKAR TURA SAƘO

A 2017 da 2018 jita-jitar masu satar yara ta bazu ta WhatsApp a ƙasar Indiya, har jama'a suka riƙa far wa baƙi matafiya suna kashewa ba da laifin komai ba. Saboda wannan, a Yuli 2018 kamfanin ya ƙayyade cewa a Indiya ba za a tura saƙo ga fiye da wuri biyar a lokaci guda ba. A Janairu 2019 aka shimfiɗa dokar ga duniya duka. A Afrilu 2020, lokacin annobar korona, aka ƙara tsanantawa: saƙon da ya riga ya bi hannaye da yawa, wuri ɗaya kaɗai za a iya tura shi a lokaci guda. Irin wannan saƙo ya kan zo da alamar kibiya biyu a samansa. Malami ya kula da alamar nan, gama tana nuna wanda ya aiko masa ba shi ya rubuta ba, watakila ma bai san marubucin ba.

Shi ma zauren WhatsApp yana da iyaka. Ya daɗe yana ɗaukar mutum 256, a 2022 aka ƙara har ya kai 1,024. Gunduma guda ta fi haka nesa ba kusa ba.

Ƙasar nan ma ta ɗanɗana abin da ya sa aka kafa waɗannan iyakoki. Cutar Ebola ta shigo Legas a Yuli 2014. A farkon Agusta, cikin dare guda, saƙo ya zaga ƙasa ta tes da dandali da kiran waya, wai a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, shi ne rigakafi. Uwa ta kira ɗanta, aboki ya tā da aboki, kowa da kyakkyawar niyya. Maganar ba ta da tushe ko kaɗan. Aƙalla mutum biyu suka rasu saboda shan gishirin, aka kwantar da waɗansu a asibiti, a garuruwan da cutar ba ta taɓa zuwa ba. Gishiri mai yawa yana tā da hawan jini, ga mai ciwon kuwa yana iya zama ajali. Magana zarar bunu ce, a waya kuwa ta fi saurin fita.

IYAKAR WANDA ZAI GANI

Wannan ita ce iyakar da ta fi ɓuya. Mutum ya kan ga shafin ofis yana da mabiya dubu biyar, ya ɗauka duk abin da aka rubuta dubu biyar za su karanta. Ba haka ba ne. Kwamfutar kamfanin ita ke zaɓar wa kowa abin da zai fara gani, bisa abin da ya saba tsayawa a kai, da abin da mutane suka fi tankawa. Maganar da ta tā da fushi ko dariya ta kan jawo amsa da yawa, sai a ƙara yaɗa ta. Sanarwar ranar awon ciki ba mai tanka mata, sai ta nutse. A Janairu 2018 kamfanin Facebook ya faɗa da bakinsa cewa zai fifita maganar dangi da abokai bisa ta shafuffukan hukumomi da kamfanoni.

Bayan wannan akwai waɗanda ba su cikin dandalin sam: tsofaffi, da matan da ba su da waya tasu, da mutanen ƙauyukan da sabis bai kai ba, da wanda datarsa ta ƙare. Su ma talakawan Hakimi ne, haƙƙinsu ne su ji.

Akwai kuma iyakar shekaru. Yawancin kamfanonin sun rubuta cewa sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi, ko da ya ke yara kan ƙara wa kansu shekaru su shige. Ƙasar Ostareliya ta yi doka a Nuwamba 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16, dokar ta fara aiki ran 10 ga Disamba 2025, kuma a kan kamfanoni ta ɗora nauyin hanawa.

RANAR DA ƘOFA KE RUFEWA

Dandali ya kan rufe ta hanya uku. Ta farko lalacewar na'ura. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya duka wajen awa shida, saboda kuskuren da aka yi wajen gyaran na'urorin kamfanin.

Ta biyu umurnin hukuma. Ran 4 ga Yuni 2021 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da Twitter a Nijeriya, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari. Ba a buɗe ba sai ran 13 ga Janairu 2022, bayan kwana 222, sa'ad da gwamnati ta ce kamfanin ya yarda da sharuɗɗanta, har da yin rajista da biyan haraji a ƙasar. A Yuli 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Har wa yau a Satumba 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni mutanen wuraren nan suka yi ba kira ba saƙo, aka koma ga ɗan aike da rediyo.

Ta uku mutuwar dandalin kansa. GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafuffukansu na farko, kamfanin Yahoo ya rufe shi a Oktoba 2009. Kamfanin Google ya rufe dandalinsa Google+ a Afrilu 2019. A shekarar nan kuma MySpace ya amsa cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ajiye masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya na'ura. Wanda ba shi da kwafi a hannunsa, shi ke nan ya yi hasara.

SHAFIN KAI DA KAYAN AIKINSA

Maganin yawancin waɗannan shi ne ofis ya mallaki shafinsa, dandali ya zama wurin shela kawai. A dā sai wanda ya iya HTML ke gina shafi. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fito da kayan aikin da suka ɗauke wannan wahala: mutum ya rubuta kan magana, ya rubuta bayani, ya danna, na'ura ta sa kwanan wata ta jera, sabo a sama tsoho a ƙasa. Tsarin ya yi kama da littafin da malamin ofis ke shigar da al'amuran kowace rana, sai dai wannan kowa na iya buɗe shi daga ko'ina.

Biyu sun fi shahara. Blogger ya fito a Agusta 1999, Google ya saye shi a 2003, kyauta ne, yana kuma da sauƙin koyo, amma ajiyar tana hannun kamfanin. WordPress ya fito a Mayu 2003, aikin wani Ba'amurke Matt Mullenweg da wani mutumin Ingila Mike Little. Shi manhajarsa a buɗe ta ke, kowa na iya ɗauka ya kafa inda ya so, ya kuma kwashe rubutunsa ya ƙaura in ya ga dama. A ƙididdigar 2023 fiye da kashi 40 cikin 100 na shafuffukan duniya da shi aka gina su.

Mai son shafin da ya ke nasa sosai, abu biyu zai biya. Na ɗaya sunan shafi, watau adireshi. Na Nijeriya ya kan ƙare da .ng, ƙungiyar NiRA ke lura da rajistarsa, wanda ya ƙare da .gov.ng kuwa na hukumomin gwamnati ne kaɗai. Na biyu hayar wurin ajiya, watau kwamfutar da ba a kashe ta dare da rana, inda shafin ke zaune. Yawanci shekara shekara a ke sabunta su. In aka manta ranar biya, shafi ya kan ɗauke, in aka daɗe kuma wani na iya saye sunan ya riƙa magana da yawun ofis.

Amfaninsa a fili ya ke. Babu iyakar haruffa. Kowace sanarwa tana da adireshinta da kwanan watanta, bayan shekara biyar a nemo ta cikin minti guda, ba kamar saƙon zaure da ke nutsewa ƙarƙashin gaisuwar safiya ba. In wani ya ƙaga takarda da sunan Hakimi, sai a ce wa jama'a su duba shafin ofis, abin da babu shi can ba daga ofis ya fito ba. Amma shafi yana son kulawa kamar gona. Manhajarsa na bukatar sabuntawa a kai a kai don kada ɓarayi su sami kafa, shafin da aka bari wata shida ba sabon abu kuwa mutane kan daina leƙa shi.

HARUFFAN HAUSA

Akwai tsarin da a ke kira Unicode, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna ciki, haka kuma haruffan Larabci da a ke rubuta ajami da su. Wayoyin zamani suna da allon rubutu na Hausa, sai dai a shiga a zaɓe shi. Malamin ofis kada ya yi kasala a nan, gama bari daban ɓari daban, kafa daban ƙafa daban, takardar hukuma kuwa ba ta son shakka.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. Kowace sanarwa a fara rubuta ta a takarda, da lamba da kwanan wata da sa hannu, a sa kwafi a fayil. Sa'an nan a sa ta a shafi, sa'an nan a yi shelarta a dandali tare da adireshin cikakken bayani.

2. Sanarwar da ta shafi rai ko lafiya ko tsaro, kada a dogara ga waya kaɗai. A bi da ita ta dagatai da masu unguwanni da mai shela da rediyo, kamar yadda aka saba.

3. Shafi da sunansa da lambar wayar da aka yi rajista da ita su zama na ofis, kada su zama na malami shi kaɗai. Kalmar sirri a rubuta a rufe a ambulan, a ajiye wurin Hakimi. In an yi wa malami canjin wurin aiki, a sāke ta ran nan.

4. Lambobi shida da WhatsApp kan aiko ta tes mabuɗin shafi ne. Duk wanda ya kira ya ce a karanta masa su, ko da ya ce daga hedkwata ya ke, ɓarawo ne. A kunna tabbatarwa ta mataki biyu a kowane shafi na ofis.

5. Saƙon da ya zo da alamar an turo, kada malami ya tura shi gaba sai ya san asalinsa. In maganar lafiya ce a tambayi ma'aikacin asibiti, in ta tsaro ce a tambayi jami'an tsaro. In ta tabbata ƙarya ce, a ƙaryata ta da sauri a wurin da ta bazu.

6. Kada a sa sunayen masu ƙara, ko hoton katin shaidar wani, ko jerin marasa lafiya a shafi ko a zaure. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan nauyin tsare su. Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya kamata kowane ofis ya sami kwafinta.

7. Ƙarshen kowane wata a kwafe abin da ke shafi a ajiye wuri biyu, ɗaya a ofis ɗaya a wani gini dabam. Ranar sabunta suna da hayar ajiya a rubuta ta a kalandar bango, wata guda kafin ta zo.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan bayani a taron dagatai na gaba, a kuma ba malamin da ke riƙe da wayar ofis kwafi guda ya ajiye kusa da shi.